Wa Ta Shayar Da Mas'ud?

"Iya, ki tsaya mana ki ji! Yau fa za a buɗe akwatin!"

"Akwatin da aka yi sati biyu ana kewaya shi kamar rijiyar da maciji ya faɗa? Miƙo mani tiren can tukuna."

Haka muke kullum bayan la'asar, ni da jikata Amatullah, a gindin dalbejiyar tsakar gidanmu a Mabai. Ni ina ɓarar gyaɗa, ita tana riƙe da waya tana karanta mani littafi. Wata marubuciya ce ke sako shi a guruf ɗin su Amatu na waya, kullum shafi guda kamar mai raba maganin asibiti. Ranar da ba ta sako ba, ko data ta ƙare, to gidan nan kowa sai ya sani.

Labarin wasu ne, Sumayya da Abdulkarim. Sun yi auren soyayya har da 'ya'ya biyu. Amma uwar Sumayya, duk ranar da surukin nan ya zo gaishe ta, yana fita sai ta kulle ɗaki ta rungume wani akwatin ƙarfe ta yi ta kuka. Ba wanda ya san abin da ke ciki.

Ni dai na faɗi gaskiyata a kan littafin tun farko.

"Shi wanga Abdulkarim, wace sana'a yake yi ne? Tunda aka fara ban ji ya je gona ba, ban ji ya je kasuwa ba. Daga mota sai jirgi."

"Iya, bizinesman ne fa!"

"Ita kuma Sumayyar taki ba ta da ƙashi a jiki? A yi sallama ta suma, a kawo shayi ta suma. Ina ƙirgawa, sau bakwai ke nan."

"To in bai yi maki ba in daina mana."

"Wa ya ce ki daina? Karanta!"

Don maganar Allah littafin ya kama ni. Mai rubutun ba ta san gona ba, ba ta san turmi ba, amma ta san zuciyar uwa. Inda ta faɗi yadda tsohuwar ke kawar da fuska in za ta miƙa wa surukin ruwa, nan kam na ajiye gyaɗa na saurara.

Ran nan aka buɗe akwatin. Hular jarirai ce a ciki da wasiƙa. Ashe uwar Sumayya ta shayar da Abdulkarim wata biyu yana jariri, lokacin da uwarsa ke kwance. Ta gane shi tun ranar da ya fara zuwa zance, amma ta ga ɗiyarta ta mutu a kansa, sai ta yi shiru. Miji da mata ashe wa da ƙanwa ne.

Amatu ta jefar da wayar kan tabarma. "Innalillahi! Wallahi matar nan muguwa ce! Muguwa ta ƙarshe!"

"Ke, bar zagin uwar mutane."

"Iya, ta sani fa! Ta sani ta rufe baki! Ni ce da tuni na faɗa, ko za a mutu."

"Allah dai kada ya gwada mu," na ce mata. Muka tashi don an kira magariba.

Ita kanta Amatu a lokacin saura sati ukku bikinta. Yaron sunansa Mas'ud, ɗan Damari ta ƙasar Sabuwa. Manomi ne, yana kuma gyaran injin ban-ruwa, duk wanda injinsa ya ƙi tashi daga Sabuwa har Faskari shi ake nema. A bikin wata ƙawarta suka haɗu. Dogo ne, baƙi, mai yawan dariya, da 'yar huda a kunnen hagu wadda Amatu ke tsokanarsa da ita, wai ɗan kunne za ta saya mashi a lefe. In ya zo gidan nan ɗakina yake fara shiga, ya durƙusa har ƙasa, ya ajiye mani goro.

"Iya, har yanzu ba ki canza shawara ba? Ni fa ke nake so, yarinyar nan rakiya kawai take."

"Tafi can! Mai warin man inji ba ya aurena."

Ranar Asabar aka kawo lefe. Wadda ta jagoranci matan ƙanwar uban Mas'ud ce, Gwaggo Bilki, mace mai jiki da murya, in ta yi guɗa sai kajin unguwa sun watse. Suna zaune a ɗakina ana buɗe kaya, sai surukata Suwaiba, uwar Amatu, ta leƙo don ta ajiye ruwa ta gudu. Gwaggo Bilki ta kama gefen zanenta.

"Tsaya, tsaya, baiwar Allah! Juyo in gan ki. Ba ke ce Suwaiba ta gidan Malam Gide na Sheme ba?"

"Ni ce."

"La'ilaha illallahu! Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Wannan ai ita ta tsinci Mas'ud a kan juji!"

Sai aka rungume juna, ana kuka ana dariya, aka mance da atamfofi.

Bari in yi maku bayani, ku 'yan yanzu. Uwar Mas'ud, Hajaratu, wabi ce a lokacin. Ta haifi huɗu, babu wanda ya kai yaye. To a da, in irin wannan mace ta sake haihuwa, sai tsofaffi su huda kunnen jaririn, a ɗora shi a faifai a ajiye kan juji kamar an yar. Sai wata maƙwabciya ta zo ta yi kamar ta tsinta, ta kai shi ɗakinta ya zauna har arba'in. Wai in mutuwa ta zo gidan ta tarar babu ɗa sai ta wuce. Camfi ne tsagwaronsa, Allah ya yafe mana, rayawa da kashewa nasa ne shi kaɗai. Amma uwar da ta binne huɗu, ko mi aka ce ta yi za ta yi.

A lokacin su Hajaratu a Sheme suke zaune, darni ɗaya ya raba su da gidan iyayen Suwaiba. Ita kuma Suwaiba ta je wankan gida na ɗan farinta, Ɗanliti, wan Amatu. Ita aka sa ta tsinto jaririn. Aka bar shi a ɗakinta har arba'in, gado ɗaya da Ɗanliti, uwarsa na ratsowa ta kafar darni tana shayar da shi. Bayan shekara mijin Hajaratu ya kwashe iyalinsa ya koma Damari, zumunci ya yanke. Maza ne suka yi maganar auren nan, su kuma maza ina suka san wannan?

Da baƙi suka tafi, Amatu ta dawo daga maƙwabta inda ta ɓuya. Muka zauna muna ba ta labari, uwarta sai murna take.

"Kullum sau nawa Hajaratu ke ratsowa! Har darnin ya yi ƙofa. In ban da kwana ukkun nan da jini ya ɓalle mata aka kai ta asibiti Funtua, ba ta taɓa fashi ba."

Amatu na cikin ɗaga wani leshi. Sai na ga hannunta ya tsaya.

"Da jaririn aka tafi asibitin?"

"Ina! Kakarsa ta hana. Ta ce arba'in ba ta cika ba."

"To Umma... kwana ukkun nan mi ya sha?"

Suwaiba ta daina murna, ta juyo ta dube ta.

"Umma, ke ce da nono a gidan. Kin ba shi?"

"Ban... ni dai a sauran kwanakin na san ban ba shi ba. Ungozoma ta hana." Ta dafe kai. "Amma kwanakin nan ni ma zazzaɓi ya kwantar da ni, ban san inda kaina yake ba. Innata ke miƙo mani yaro in karɓa, idona a rufe. Wallahi Amatu ban sani ba. Ban taɓa tunanin abin ba sai yanzu."

Innar tata kuwa ta shekara goma a ƙasa.

Amatu ba ta suma ba, na ba ta wannan. Ta ninke leshin ta mayar cikin akwati, ta rufe, ta fita bayan ɗaki. Da na bi ta na tarar ta haɗa kai da bango tana kuka marar sauti.

"Iya, in Umma ta shayar da shi, yayana ne. Babu aure har abada."

"Haka ne."

"Kuma in na yi shiru ba wanda zai tada maganar. Umma ba za ta iya ba. Gwaggo Bilki ko a jikinta."

"Shi ma haka ne."

"Ki ce wani abu mana, Iya!"

"Mi zan ce? Ke kika yi tambayar, ke za ki san inda za ki kai ta."

Ta share fuska da gefen hijabi. "Shekaranjiya da bakina na ce wa matar nan muguwa. Ashe abin da wuya haka." Ta juyo ta dube ni. "Zan gaya wa Baba."

Ɗana Ubale mutum ne mai haƙuri, amma ran nan har hularsa ya cire ya buga a gwiwa.

"Saura sati biyu da kwana nawa? An buga kati! Na gaya wa mutanen Ƙanƙara, na gaya wa na Faskari! Yanzu in tashi in ce masu mi? Ɗiyata ta karanta tatsuniya a waya?"

"Baba, ba tatsuniyar ba ce, Umma ce ta ce ba ta sani ba."

"Wayar nan ita ta lalata ki! Iya, ke ma da ke ake zaman karatun, ga abin da ya jawo!"

"Kai Ubale, sauke murya," na ce. "Littafin bai shayar da kowa ba. Tashi ka je wajen liman."

Ya je, ya dawo fuska a sake. Liman ya ce shakka kaɗai ba ta haramta aure, sai an tabbatar an sha. In ba shaida, aure na nan. Amma ya ƙara da cewa in akwai mai rai da ya san abin da ya faru, a tambaye shi ya fi.

"Kin ji ko? Malam ya ce aure na nan. Magana ta ƙare."

"Baba, ya ce in akwai mai rai. Ungozomar fa?"

Suwaiba ta ce sunanta Inna Esther, Bamagujiya ce da ta shiga coci, ita ke yanke cibi a rabin gidajen Sheme a wancan zamani. Amma ta daɗe da tashi daga garin, tun da hanyoyi suka lalace. Ko tana da rai ma, Allah masani.

Amatu ta durƙusa gaban ubanta, hawaye na zuba. "Baba, don Allah a ɗaga bikin a neme ta. Ba zan iya shiga ɗakinsa ina kallonsa ina tunanin ko yayana ne ba. In aka neme ta aka rasa, na yarda da maganar Malam. Amma a nema tukuna."

Ubale ya ɗauki hularsa ya kaɗe. "Wata guda. Ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba."

Washegari da hantsi sai ga Mas'ud a kan mashin, ko gaisuwar kirki bai yi mani ba. Na zauna bakin zaure da carbina, don irin wannan zance ba a barin yara su kaɗai.

"Amatu, da gaske ne abin da na ji? Saboda littafin nobel?"

"Ba saboda nobel ba ne."

"Shekara biyu ina bin hanyar nan, kin san yadda take! Na gama ɗaki, na yi fenti, har abokaina sun ɗinka anko. In kin daina sona ne ki faɗa mani kai tsaye, ba sai kin mayar da ni yayanki ba!"

"Mas'ud!" Ta fashe da kuka. "Da na daina sonka ai da murna zan yi! Ka san kwana nawa ban ci abinci ba?"

Ya juyo wajena. "Iya, ke mi kika gani?"

"Na ga yarinyar da aka ba hanyar yin shiru ta samu abin da take so, ta ƙi. In ka samu irinta a kasuwar Sheme sayo mani biyu."

Ya sunkuyar da kai yana murza 'yar hudar kunnensa. Can ya ce, "Sori, Amatu. Raina ne ya ɓaci. Yaya sunan tsohuwar?"

"Inna Esther."

"In tana bisa ƙasar nan zan nemo ta. In kuma ta ce an sha..."

"In ta ce an sha, ka samu ƙanwa," Amatu ta ce, tana kuka tana ƙoƙarin murmushi. "Kuma sai ka yi mani kayan ɗaki."

"Allah ya sawwaƙe! Ko cokali ba zan saya ba!"

Daga ranar suka daina zance, suka daina hirar waya. Ita ta ce a yi haka har a sani. Sai dai duk inda ya je ya kira lambata ya ba ni rahoto, ita kuma tana maƙale a kafaɗata kamar ƙadangaruwa.

Kwanakin nan ba su yi daɗi ba. Matan unguwa suka samu abin taunawa. Wasu suka ce an gano ciwo a jikin angon, wasu suka ce Amatu ta samu mai mota a Katsina. Wata har gida ta biyo ni da jaje, bakinta na jaje idonta na dariya. Na ce mata ta gaida gida, ta kuma duba tukunyarta kada ta ƙone. Amatu ta rame, ta daina zuwa islamiyyar da take koyarwa na kwana biyu, sai da na kore ta da muciya. Suwaiba kuwa kullum cikin istigfari, tana ganin laifinta ne. Littafin ma muka ajiye shi. Na ce a ci gaba, Amatu ta ce ba ta iya jin sunan Sumayya yanzu.

Mas'ud ya je Sheme ranar kasuwa, aka ce Esther ta bi ɗanta Ɗanlahadi wajen Faskari. Ya je Faskari, aka ce Ɗanlahadi ukku suka sani, wanne? Ya bi na farko, wani mahauci ne, ba shi ba ne. Ya bi na biyu, ya rasu. Na ukkun kuwa aka ce ya tashi, ba a san inda ya nufa ba. Sati ya wuce, na biyu ya wuce, na ukku ya kama. Ubale ya fara ƙirga kwanaki da ƙarfi a tsakar gida don kowa ya ji.

Ran kwana ashirin da ukku wayata ta yi ƙara.

"Iya! Na same ta! Wallahi na same ta!"

"A ina?"

"Bayan Sabuwa, wata 'yar unguwar Maguzawa. Injin ɗanta na je gyarawa, ina kwance ƙarƙashinsa na ji ana cewa a kai wa Inna Esther kunu! Iya, tafiyar rabin awa daga gidanmu! Na sha man mashin har Faskari a banza!"

"Ka tambaye ta?"

"A'a. Ban ko bari ta gan ni ba. Kada a ce ni na kitsa mata. Ku zo a ji tare."

Nan na ƙara yarda da yaron.

Muka yi sammako ranar Litinin don mu dawo da rana tsaka, ni da Ubale da Suwaiba da Amatu, a motar haya. Mas'ud ya tare mu a Sabuwa ya shige gaba da mashin. Amatu kuwa duk hanyar hannunta na cikin nawa, sanyi ƙalau.

Muka tarar da tsohuwar a inuwar rumbu tana tsinkar zogale. Ta tsufa tukuf, ido ya yi hazo, amma kunne da baki lafiya lau. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa a sabuwar ƙwarya. Da Suwaiba ta faɗi sunanta da na ubanta, sai tsohuwar ta tafa hannu.

"Suwaiba mai tsoron ruwan zafi! Ke ce kike gudu bayan rumbu in an kawo ganyen wanka? Zo nan, ja'ira!"

Suwaiba ta rufe fuska, ga suruki a wurin. Aka ce ga kuma ɗan Hajaratu. Ta ce ya matso. Ta lalubo kansa, ta kama kunnen hagu, ta shafa hudar.

"Aikina ne wanga. Ɗan jujina! Kai, ka yi tsawo kamar giginya. Ashe ka zauna."

Ubale ya gyara murya ya faɗi abin da ya kawo mu, bai ɓoye komai ba. Ya ce ga yaro ga yarinya, ga abin da ake tsoro. Tsohuwar ta saurara har ya gama. Amatu ta matse hannuna har sai da na ji zobena ya shige nama.

"Kwana ukkun da aka kai Hajaratu Funtua?"

"Su," in ji Ubale.

"Yo ai ba ya ɗakin Suwaiba."

"Na'am?"

"Ba ya nan! Motar na tashi na shiga na ɗauke shi. Suwaiba na kwance tana sambatu, ga uwarta ta rikice, na ce yanzu a cikin ruɗun nan sai a miƙa mata wanda ba nata ba. Ni ba Musulma ba ce, amma shekara nawa ina yanke cibi a gidajenku? Na san dokarku ta nono. Na ce maƙwabtan juna ne, wa ya san gobe ko za su so haɗa zuri'a? Na goya shi na kai gidana. Kwana ukku yana bayana, sai da uwarsa ta dawo na maido shi."

"To mi ya sha, Inna?" in ji Amatu.

"Kyalla."

"Wace ce Kyalla?"

"Jar akuyata! Ta haifi 'yan biyu a satin. In tatsa in tafasa in sirka, in ɗiga mashi da ɗan ludayi. Ya sha kamar ba gobe, har yana kama ludayin!"

Wallahi Ubale ne ya fara fashewa da dariya, shi da ya zo da fuska kamar hadari. Suwaiba ta faɗi ta yi sujada a kan tabarma. Amatu ta saki hannuna ta rungume tsohuwar tana kuka, har zogalen ya zube. Mas'ud kuwa ya juya baya yana kallon rumbu, wai wani abu ya faɗa mashi a ido.

Ubale ya goge hawayen dariya ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, kin tabbata? Maganar babba ce."

"Ɗana, ƙafata ɗaya na cikin rami, mi zan ci da ƙarya? In akwai wanda aure ya haramta tsakaninsa da yaron nan, to jikokin Kyalla ne. Ga su can a turke, ya je su gaisa."

Kada wata ta ji wannan ta ce za ta ba jariri nonon akuya. Ma'aikatan asibiti sun hana, kuma suna da gaskiya. Wancan zamani ne da babu yadda za a yi, Allah ne ya raya shi.

Liman ya ce nonon dabba ba ya ƙulla 'yan'uwantaka, kuma dama asali halal ne, yanzu ga zuciya ta kwanta. Aka sa rana sati biyu. Matan da suka yi ta taunar maganar su suka fi kowa cin shinkafa. Mas'ud ya ɗauko Inna Esther da mota ta musamman, aka zaunar da ita kusa da ni da Hajaratu, ya kuma kai mata jar akuya mai ciki har gida. Ranar buɗar kai aka kawo wa ango farfesu, yana miƙa hannu Amatu ta janye kwanon.

"Tsaya a tambaya tukuna. In na akuya ne ba ka ci, dangi ne."

"Iya, kin ji ta ko? Tun yau!"

"Kai ka nemo ta har da man mashin," na ce. "Ci gaba da haƙuri."

Littafin mun ƙarasa shi kafin a kai ta Damari. An raba Sumayya da Abdulkarim, uwar ta nemi gafara, aka yafe mata bayan an sha kuka. Amatu ba ta sake ce mata muguwa ba. Ta ce tausayinta take ji, ta ɗanɗana abin da matar ta ji na yini ɗaya, ita kuwa shekara goma ta yi tana ɗauke da shi. Ni kuma na ce mai rubutun ta yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira, illa dai a littafi na gaba ta sa wani ya riƙe fartanya ko sau ɗaya.

To 'yan matana, ga abin da nake so ku ɗauka. In wani abu ya tsaya maku a rai game da aure, ku faɗe shi tun ana iya gyarawa, ko da za a ɗaga biki, ko da unguwa za ta yi dariya. Amatu ta yi haƙurin kwana ashirin da ukku, yau tana ɗakinta tana kallon mijinta ba tare da ɗar ba. Saurayin da ya tsaya ya taya ki neman gaskiya, alhali gaskiyar na iya raba ku, shi ne miji, ki riƙe shi da kyau.

Ku kuma iyaye mata, 'yan'uwana, da ku nake. Duk ɗan da kika taɓa sa wa nono, ko na yini ɗaya ne, ki faɗa wa 'ya'yanki da mijinki tun kina da baki. Ba kowa ke samun Inna Esther da rai ba.